Darasin Noma na Iyali: Adana Irin Tumatir na Gida Har Ranar Komawa

Darasin wannan fitowa na iyalan da suka baro Sinnar ne, da Maiwurno, da Sinja, da Suki, da Dindir, da ƙauyukan Jazira da na bakin kogin Nilul Azraƙ. Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyayenmu mata, domin galibi a hannunsu iri yake.

Mutane da yawa sun fito da abin da hannu ya iya ɗauka kawai. Duk da haka, a wasu tantuna akwai ɗan ƙullin tsumma a ƙasan jaka, ko a bakin zane, mai ɗauke da irin tumatir, ko kuɓewa, ko yakuwa. Wannan ƙulli yana da rai, kuma zafi da danshi suna cin ransa a hankali. Darasin nan zai nuna yadda za a gane irin gida, a cire shi, a busar, a adana, a kuma yawaita shi a nan sansani, don kada a koma gida a tarar ba abin shukawa.

1. Me ya sa muke maganar iri a irin wannan hali?

Hausawan wannan yanki sun daɗe da sanin tafiya. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, har suka zauna a bakin Nilul Azraƙ kusa da Sinnar, garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Wasu kuma mahajjata ne da suka taso a ƙafa, suna yada zango su yi noma su sami guzuri, sannan su ci gaba. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aikin auduga na Jazira ya jawo ƙarin jama'a. Wasu suka zauna a kambo suna aikin hawasha, wasu suka kama kamun kifi da noman juruf, wato gaɓar kogi da ruwa ke janyewa ya bari da laka bayan ambaliya.

A waɗannan juruf da lambuna aka yi shekaru ana noman tumatir, da albasa, da kuɓewa. Shi tumatir asalinsa daga nahiyar Amurka yake, Turawa suka kai shi ƙasashensu, daga baya ya bazu duniya. Abin da ya mai da shi na gida shi ne zaɓe. Kowace shekara manomi yana ware 'ya'yan shukar da ta fi jure zafi, ta fi daɗin miya, ta fi kyan kauɗa, ya bar su don iri. Bayan shekaru masu yawa sai a sami tumatirin da ya saba da ƙasar wurin da iskarsa da ruwansa. Shi ake kira baladi. Wani yakan ci sunan ƙauye, wani sunan mutumin da ya kawo shi, wani kuma suna irin na Allah Karim. Irin wannan ba a samunsa a kanti. Idan ya ƙare a hannun iyalan da ke noma shi, to ya ƙare ke nan.

Akwai kuma maganar aljihu. Iyalin da ke da irinsa ba ya jiran rabo, ba ya cin bashi don sayen fakiti. Tumatir biyar ko shida masu kyau suna ba da irin da zai ishi lambun gida, tunda giram ɗaya na busasshen iri yana ɗauke da ƙwaya wajen 300.

2. Darasi daga rumbun iri na Wad Madani

Kafin yaƙi, Sudan tana da babban rumbun iri na ƙasa a Wad Madani, ƙarƙashin hukumar binciken aikin gona. A can aka tara dubban samfuran dawa, da gero, da riɗi, da kuɓewa, da sauran amfanin gona da aka karɓo daga hannun manoma, ana ajiye su cikin sanyi. Da yaƙi ya shiga birnin a Disambar 2023, an fasa wurin, an kwashe na'urorin sanyaya iri, aka bar fakitoci a warwatse.

Abin da ya rage hasarar shi ne tun kafin yaƙi an kai kwafin wani kaso na irin zuwa rumbun duniya na Svalbard, a ƙasar Norwe. An buɗe wannan rumbu a 2008, a cikin dutse, inda ake riƙe iri a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. A Fabrairun 2025 ma'aikatan Sudan sun sake kai wani kason, har da dawa. Irin haka ta taɓa faruwa a Siriya: da yaƙi ya hana cibiyar ICARDA aiki da rumbunta na Halab, a 2015 ta karɓo ajiyarta daga Svalbard, ta sake shuka ta a Labanon da Maroko.

Abu biyu za mu ɗauka daga nan. Na farko, irin da aka ajiye wuri guda yana cikin haɗari, ko da a ginin gwamnati ne. Na biyu, ba kowane tumatirin ƙauye ne ya shiga rumbun hukuma ba. Wanda bai shiga ba, rumbunsa shi ne hannunku.

3. Irin gida da irin aure

Furen tumatir yana da namiji da mace a cikinsa, saboda haka galibi shi ke yi wa kansa barbara. Shi ya sa irin baladi yake haifar da kamanninsa shekara bayan shekara.

Irin aure daban ne. Kamfani ne ke haɗa iyaye biyu mabambanta ya sami iri mai yabanya sosai a shukar farko. Za ku gane shi da alamar F1 a jikin fakiti ko gwangwani. Ba laifi a shuka shi a ci. Amma idan aka cire irinsa aka sake shukawa, 'ya'yan sukan fito barkatai: wani babba, wani ƙarami, wani mai yawan 'ya'ya, wani ba komai. Don haka kada a dogara da shi wajen ajiya. Ba duk irin kanti ne na aure ba. Wanda ba shi da alamar F1 ana iya cire irinsa, amma a riƙe shi dabam da na gida.

4. Ina za a samo iri idan an rasa?

• Ku fara da tantin maƙwabta. Ku tambayi tsofaffi da mutanen ƙauyenku. Ƙwaya 20 ta isa a fara.
• Ku duba kauɗar tumatir, wato salsa busasshiya, da aka zo da ita daga gida. Idan a rana aka shanya ta, ba a dafa ba, ba a niƙa ba, wasu ƙwayoyin cikinta suna iya tsirowa. A jiƙa yanki kaɗan, a cire irin, a gwada.
• A kasuwa ku nemi masu kawo kaya daga ƙananan lambuna, ku tambaye su ko da kansu suke cire iri. Tumatir mai tsaga-tsaga, mai laushin fata, mai yawan ruwa da iri, wanda girmansa bai zo ɗaya ba, ya fi kusa da zama baladi. Mai tauri, mai santsi, wanda duk kwandon kamarsa ɗaya, sau da yawa na kamfani ne.
• Weka ba ta ba da iri. Kuɓewar da ake yankawa don miya tana ɗanya ake cire ta, irin cikinta bai ƙosa ba.

5. Zaɓen uwar iri

Ana zaɓen shuka ne kafin a zaɓi ɗa. Ku zagaya lambu tun ana fure, ku ɗaura wa shukar da kuka yaba zare ko tsumma, ku gaya wa yara kada su taɓa ta.

• A zaɓi mai lafiyar ganye. A guji wadda ganyenta ya nannaɗe ya yi rawaya ta tsumbure. Wannan cuta farin ƙuda ke yaɗa ta, kuma ta daɗe tana damun manoman tumatir a Sudan. Shukar da ta tsaya lafiya alhali na kusa da ita sun kamu, ita ce abin nema.
• A zaɓi wadda ta riƙe furenta ta yi 'ya'ya ko da zafi ya taso.
• A ɗebo daga shuka biyar zuwa goma idan akwai. Irin shuka ɗaya tak yana rage ƙarfin zuriya.
• A bar tumatirin ya nuna sarai a jikin uwarsa, ya yi ja ya fara laushi. A guji ruɓaɓɓe, da mai tsutsa, da wanda ya faɗi ƙasa.
• Kada a jira ragowar ƙarshen kaka. A ware na iri daga tsinka ta biyu ko ta uku, lokacin da shuka ke da ƙarfinta.

Idan kuna da iri biyu mabambanta, ku raba su da tazarar taku goma ko fiye, domin ƙudan zuma yakan ɗauki garin fure daga wannan zuwa wancan. Idan wuri ya yi ƙaranci, a rufe reshen fure ɗaya da ƙyallen tsohon mayafi mai shara-shara tun bai buɗe ba, a riƙa girgiza shi da safe, a cire ƙyallen bayan 'ya'ya sun fito, a sa wa reshen alama. Kada a yanka gidan sauro don wannan aiki. Na kare iyali daga zazzaɓin cizon sauro ne.

6. Cirewa da wankewa

Kowace ƙwayar irin tumatir tana cikin yauƙi. Wannan yauƙi ne ke hana ta tsirowa a cikin tumatirin. Idan aka shanya iri da yauƙinsa, yakan manne, ya jawo fumfuna. Ga yadda ake raba su:

Na ɗaya: a wanke hannu da tumatirin. A yanka shi a tsakiya, a matse iri da ruwansa cikin kofi ko kwalba mai tsabta. Naman da ya rage a yi miya da shi, ko a shanya.

Na biyu: a rufe bakin kofin da tsumma, a ajiye a inuwa. A motsa shi da tsinke safe da yamma. Zai yi tsami ya yi kumfa, wani lokaci farin fumfuna ya taso a sama. Wannan ba ɓaci ba ne, tsamin ne ke cinye yauƙin, yana kuma rage wasu cututtukan da ke bin iri.

Na uku: a lokacin zafi kwana ɗaya zuwa biyu ya isa. A lokacin sanyi kwana biyu zuwa uku. Kada a wuce haka, domin irin zai fara tsirowa a cikin ruwa, kuma wanda ya tsira ba ya ajiyuwa.

Na huɗu: a ƙara ruwa mai tsabta, a motsa, a jira kaɗan. Iri mai kyau zai kwanta a ƙasa. Wanda ya taso sama fanko ne, a tsiyaye shi tare da dattin. A maimaita sau biyu ko uku har ruwan ya yi garau. Ruwan wankin a zuba wa wata shuka, kada ya tafi a banza.

7. Shanya

A baza irin a kan faranti ko tsumma mai tsabta, kada ya hau kan juna. A ajiye a inuwa inda iska ke wucewa, nesa da kaji da ɓera da hannun yara. Kada a shanya a tsakiyar rana, ko a kan kwanon rufi, ko kusa da murhu: zafi mai yawa yana kashe ƙwayar daga ciki, ido kuwa ba ya gani. Kullum a murza shi da yatsa don ya rabu. A lokacin rani mako ɗaya ya isa, da damina yakan kai mako biyu. Alamar bushewa ita ce ya daina mannewa, kuma idan aka lanƙwasa ƙwaya ta karye maimakon ta tanƙwaru.

8. Ajiya

Maƙiyan iri huɗu ne: danshi, zafi, haske, da ƙwari. Masana iri suna da wani ma'auni da suke aiki da shi, cewa duk lokacin da zafin wurin ajiya ya ragu da digiri 5, kwanakin iri suna ninkawa. Tanti kuwa da rana yana da zafi ƙwarai, musamman kusa da rufi.

• A naɗe busasshen iri a takarda, a saka cikin kwalba ko gwangwani mai murfi da ke rufuwa gam.
• A zuba cokali ɗaya ko biyu na busasshiyar toka da aka tankaɗe, ko garin gawayi, a ƙasan kwalbar. Suna shan danshi, toka kuma tana korar ƙwari.
• Kada a ƙulle iri a leda idan bai gama bushewa ba. Zai yi gumi ya ruɓe.
• A ajiye kwalbar a ƙasa, a wuri mafi sanyi da duhu. Ana iya saka ta cikin busasshiyar tukunyar ƙasa a rufe. Kada a jingina ta da randar ruwa. Da damina a ɗaga ta sama kaɗan saboda ambaliya.
• Kada a riƙa buɗewa ba dalili.

Irin tumatir da aka adana da kyau yakan kai shekara huɗu. A zafin tanti kada a sa ran haka. Abin da ya fi shi ne a shuka wani kaso kowace shekara a cire sabo.

9. Gwaji kafin shuka

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A ƙirga ƙwaya 10, a jera a kan jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa kada ya bushe. Bayan kwana 7 zuwa 10 a buɗe a ƙirga. Idan 8 ko fiye sun tsira, irin yana da ƙarfi. Idan 5 zuwa 7 ne, a ƙara yawan abin da za a shuka. Idan bai kai 5 ba, irin yana mutuwa: a shuka shi bana a cire sabo. Waɗanda suka tsira a gwaji ma a dasa su. Wanda irinsa kaɗan ne ya gwada da ƙwaya 5.

10. Yawaita iri a sansani

Ba sai da gona ba. Tsohon buhu, ko jarkar da ta fashe, ko bokitin da ya huje, duk suna ɗaukar tumatir. A huda ƙasan don ruwa ya fita. A cika da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, da ɗan yashi idan ƙasar mai danƙo ce.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar damina, daga Oktoba zuwa Nuwamba, don fure ya zo cikin sanyi. Idan zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, tumatir yakan zubar da furensa. A yi reno a ƙaramin mazubi, a dasa bayan mako huɗu zuwa biyar, da yamma. Shuka ɗaya ko biyu a buhu. A kafa mata sanda, a rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa don rage ƙishi. Wata biyu zuwa biyu da rabi bayan dashe ake fara tsinka.

Game da ruwa: kada a taɓa rabon ruwan sha na iyali. Ruwan alwala, da na wankin shinkafa ko ganye, sun wadatar. A zuba a gindi, ba a kan ganye ba. A guji ruwan da ke da sabulu mai yawa, da duk ruwan da ya fito daga wajen banɗaki. Kafin a kafa lambu a fili, a tuntuɓi shugaban unguwa ko kwamitin sansani, don kada a tare hanya ko magudanar ruwa.

Ƙa'ida ɗaya kada a manta da ita: ba a shuka iri duka a lokaci guda. A shuka rabi, a riƙe rabi, ko da akuya ko cuta za su cinye na farko.

11. Sauran kayan miya

Kuɓewa: a bar ƙwanso ya bushe a jikin uwa har ya fara tsagewa, a fasa, a ƙara shanyawa a inuwa. Tana saurin gauraya da wata kuɓewar ta hanyar ƙwari, saboda haka a nisanta iri biyu sosai. Yakuwa, wato karkade: bayan an ɓare jan, a bar ƙwallon ciki ya bushe a fasa. Barkono: a cire iri daga wanda ya nuna ya yi ja, ba ya bukatar tsimawa, a wanke hannu kafin a taɓa ido. Wake: a busar sosai a gauraya da toka saboda ƙwaro.

12. Suna da rabo

Iri marar suna yakan ɓata ko yana hannu. A jikin kowace takarda a rubuta sunan irin, da ƙauyen da ya fito, da watan da shekarar da aka cire shi, da halinsa, misali: mai jure zafi, mai kyan kauɗa. A rubuta da boko, ko ajami, ko Larabci, duk wanda aka iya. Wanda ba ya rubutu ya sa ɗalibi a gidan ya rubuta, ko ya yi alama da zare mai launi. Yara su zauna da kakanninsu su ji daga ina irin ya zo, wa ya fara kawo shi, a wane jarfi aka fi noma shi.

Sannan a raba shi uku: kaso ɗaya a tanti, kaso ɗaya a hannun ɗan'uwa ko aminin da ke wata unguwa ko wani gari, kaso ɗaya a ƙaramin ƙulli cikin jakar takardu da ake ɗauka idan tafiya ta taso ba shiri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: gidaje biyar zuwa goma na ƙauye ɗaya suna iya haɗuwa, kowane gida ya ɗauki nauyin iri ɗaya, wanda ya karɓi cokali ɗaya ya mayar da biyu bayan kaka.

13. Gargaɗi

• Irin da aka rina da ja, ko kore, ko shuɗi, an sa masa maganin ƙwari mai guba. Ba a ci, ba a ba dabba, ba a ajiye shi kusa da abinci ko inda yaro zai kai hannu. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi.
• Kada a zuba iri, ko ruwa, ko abinci a gwangwanin da ya taɓa ɗaukar maganin feshi.
• Wanda zai tsallaka iyakar ƙasa ya tambayi ma'aikata dokar shiga da iri tun kafin tafiya.
• Masu shirin komawa gida: a wuraren da aka yi faɗa ana iya samun nakiya ko harsashin da bai fashe ba a gona, da bakin tur'a, da cikin kango. Kada a sa fartanya a ƙasa sai an tabbatar da lafiyar wurin. Duk baƙon ƙarfe da aka gani kada a taɓa shi, a nisanta yara, a sanar da hukuma.

Tambayoyin bita

1. Wace alama ce ke nuna irin aure a jikin fakiti?
2. Kwana nawa ake barin irin tumatir ya yi tsami a lokacin zafi?
3. Me ya sa ba a shanya iri a rana?
4. An gwada ƙwaya 10, huɗu suka tsira. Me ya kamata a yi?
5. Waɗanne wurare uku ne za a raba iri?

Aikin wannan mako

Kowane gida ya fito da duk irin da yake da shi, ya duba ko ya yi danshi ko ƙwari sun shiga, ya sa masa suna, ya gwada ƙwaya kaɗan. Wanda yake da baladi na Sinnar, ko Jazira, ko bakin kogi, ya sanar da mutanen ƙauyensa da ma'aikacin noma na sansani, don a san abin da ya tsira a kuma raba wa masu reno kafin lokacin dashe ya wuce. Mai tambaya ya je teburin bayani, ko ya faɗa wa shugaban unguwarsa.

Allah Ya kawo zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa da gonarsa cikin aminci.